Ranar da Baba Kwansi Ya Tuɓe Rigar Lemo

A Minna in ka tambayi gidan Irimiya, sai a ce maka wane Irimiya, don suna da yawa. Amma in ka ce Baba Kwansi, ko mai keke-napep ɗin da ya shigo garin jiya zai kai ka har ƙofa.

Sunan ya samo asali ne daga wata kalmar Turanci. Shekara talatin da ɗoriya Irimiya ya yi yana gadin wurin da titin mota ya ƙetare titin jirgin ƙasa. Ranar da aka ɗauke shi aiki, wani dogon injiniya ya miƙa masa usur, da tutoci biyu, ja da kore, da wata riga ruwan lemo mai ratsin azurfa da ke walƙiya in haske ya taɓa ta. Sannan ya ɗauki alli ya rubuta conspicuous a bangon ɗakin gadi. Ya ce ma'anarta abin da ido ba ya iya tsallakewa, ko mutum bai nema ba sai ya gani, kamar farar saniya a tsakiyar baƙaƙe. Ya ce mai gadin jirgi dole ya zama haka, in ba haka ba rayuka su salwanta.

Irimiya bai wuce aji huɗu ba a makaranta, amma kalmar nan ta shige masa rai. Yakan ce ya ji kalmomi da yawa a duniya, bai taɓa jin wadda in ka furta ta bakinka ke cika dam kamar ka ɗura gyaɗa ba sai ita. Duk direban da ya tsare a bakin shinge sai ya sha bayaninta ta taga. Tun ana ce masa Baba Kwansifikiyos, har harshen mutane ya gaji ya gutsure sunan.

Da ya yi ritaya ya mayar da usur da tutoci, amma riga ya ce sai dai a binne shi da ita. Ya shafa wa ƙofar gidansa a Sabon Gari fenti ruwan lemo. Ya shafa wa kekensa, da randa, da murfin rijiya. Kajinsa ma kowace na da ɗigo a fiffike, wai don kada shaho ya ce bai san masu su ba. Akwai wani kunkuru da ya tsinta a bakin rafi, ya zana masa ratsi biyu a baya, har yau yana nan yana zagaya tsakar gida kamar ƙaramar motar asibiti.

Matarsa Rebecca ta daɗe da sallamawa. 'Yarsu Hadassah, wadda ke koyar da Turanci a wata sakandare, ita ce ba ta sallama ba. Ta sha gaya masa cewa kalmar nan ba kullum take zama yabo ba. Tabon manja a farar riga ma haka ake kiransa. Har ta ce masa Turawa kan faɗe ta a kan mutumin da bai zo taro ba, in rashin nasa ya fi zuwan kowa jan ido. Irimiya ya ce wannan ƙarin daraja ne ga kalmar, tunda tana aiki ko mutum na nan ko ba ya nan.

To, Hadassah ta samu miji, Silas, ɗan wani manomin doya a Paiko mai suna Moses. Kafin manya su zo neman aure, al'ada ce kowane gida ya tura mutum a ɓoye ya binciki ɗaya gidan: wane irin hali gare su, akwai wata cuta a dangi, ana cin abinci a ƙoshi, ana dukan mata. Mai binciken yakan je kamar mai wucewa, ya sayi goro, ya yi hira da maƙwabta, ya dawo ba wanda ya san ya je. Kowa ya san ana yi, amma abin kunya ne a kama ka kana yi. Kuma an ce tsoho Moses mutum ne mai saurin ɗaukar zafi. Silas da kansa ya faɗa wa Hadassah cewa babansa ya taɓa fasa neman auren da ake yi wa wan Silas ɗin, don kawai ya ji an zo ana tambayar mutane ko a gidansa ana sata.

Rebecca ta ce ƙanenta Gimba za a tura. Gimba mutum ne da in ya zauna a ɗaki sai a share a kulle ba a lura yana ciki ba. Irimiya ya ce atafau, 'yarsa ɗaya tilo, ba wanda zai auna masa surukai sai idonsa. Aka kwana uku ana ja. Hadassah ta tuna masa saurayinta na farko, ma'aikacin banki, wanda Baba ya kai wa ziyarar ba-zata a ofis da rigar lemo, ya tsaya a tsakiyar layi yana nuna wa mutane inda za su bi. Tun ranar ba a ƙara jin ɗuriyar saurayin ba.

"Baba," ta ce, "shekarata talatin da ɗaya. In wannan ma ya gudu, kai da kunkurunka za ku aure ni."

Maganar ta taɓa shi. Ya yi alkawarin da bai taɓa yi ba: zai je ba riga.

Ranar kasuwar Paiko da safe ya sa wata jamfa ruwan toka da aka aro wajen Gimba, da hula mai launin ƙasa. Ya dubi madubi ya ga kamar an kashe fitila. Rebecca ta zagaya shi sau biyu, ta ce shekara arba'in tana aure, yau ta ga mijin. Ta ƙara masa gargaɗi uku: kada ya faɗi sunansa, kada ya ambaci Moses kai tsaye, kuma ko da wasa kada kalmar nan ta fito daga bakinsa.

Bai kai bakin titi ba mai shayi ya bar tukunya ya biyo shi yana tambaya ko an yi rashi ne. Mai facin taya ya cire hula ya ce Allah ya ba da haƙuri. A tasha kuwa, ɗan kamasho ya daina kiran fasinja ya tsaya yana kallonsa baki buɗe, sannan ya zaro waya ya ɗauki hoto. Direban bas ɗin Paiko, wanda Baba ya sha tsarewa a shinge tun yana kwandasta, ya rantse sai ya zauna a gaba. Irimiya ya ƙi, ya kutsa can kujerar baya, ya dunƙule a lungu, yana gaya wa kansa cewa da zarar an bar gari shi ke nan ya ɓace.

Mota ta tashi, tambaya ta tashi. Ina rigar? An sace ne? An wanke ba ta bushe ba? Me za a yi a Paiko? Ya ce zai sayo irin doya. Wata mata ta ce a ina zai shuka, a kan rufin kwano? Ya ce to zabi zai duba. Wani ya ce Allah ya ji ƙan zabin, sun kusa zama ruwan lemo. Mutum uku a motar suna danna waya, kuma Irimiya bai kawo komai a ransa ba.

Kusa da shi wata tsohuwa ce siririya, da hijabi ruwan ƙasa da ya sha wanki, ta rungume kwandon daddawa a cinya. Ita kaɗai ba ta sa baki a tsokanar ba. Irimiya ya dube ta ta wutsiyar ido ya ce a ransa ga wadda ake nema: tsohuwa, 'yar kasuwa, ta san cikin kowane gida, kuma Musulma ce, ba abin da ya haɗa ta da gidan Moses. A nan ya yi kuskuren da bai kamata ɗan ƙasar nan ya yi ba, alhali wansa uwa ɗaya uba ɗaya Alhaji ne, ana Kirsimeti a ci a gidansa, ana Sallah a ci a gidan wan.

Da aka wuce gidajen ƙarshe na gari, gonaki suka fara, ya sunkuya ya gaishe ta. Ta ce sunanta Halimatu. Ya tambayi daddawa, ya tambayi damina, ya yi haƙuri har na tsawon minti biyu, sannan gargaɗin Rebecca na biyu ya faɗi ta taga. Ya ce ko ta san wani Moses mai doya.

Tsohuwa ta yi tsaki mai tsawo, ta gyara kwando. Ta ce wa bai san wannan gida ba. Uban, in ji ta, ya taɓa yin gaba da jakinsa wata biyu. Shi kuwa ɗan, Silas, ai abin sai addu'a: magana yake da doya. In ya shiga rumbu sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gaishe su, manyan har suna ya raɗa musu.

Ta saci kallonsa don ta ga ya razana. Sai ta ga idonsa ya kawo haske.

"Suna amsawa?" ya tambaya a hankali.

Ta ce ita dai ba ta taɓa ji ba. Ya ce ai ba lalle a ji ba, shi ma ya yi shekaru yana hira da ƙarfen titin jirgi, in ka kara kunne yana gaya maka abin da ke tafe tun daga Wushishi.

Halimatu ta ƙara wuta. Ta ce yaron nan ya taɓa ajiye fartanya ana tsakar noma ya bi wani tsuntsu mai dogon wutsiya, ƙauye biyu, wai yana so ya ga inda yake kwana. Irimiya ya matso har hularsa na taɓa kwando, ya ce ya gano? Ta ce ya gano, a kan wata tsamiya. Ya ce wace tsamiya, ana iya zuwa a ƙafa? Ta ce kuma yana da wani mugun hali, ba ya iya cin abinci shi kaɗai, sai ya fita titi ya jawo mutum ko bai san shi ba. Irimiya ya jingina da kujera ya lumshe ido. A ransa ya riga ya aurar da Hadassah, har ya ga kansa da Silas a gindin tsamiya suna jiran tsuntsu.

Sai tsohuwa ta ce, tunda shi mutumin Minna ne, ita ma tana da tambaya. Ko ya san wani Irimiya a Sabon Gari, mai 'ya malamar makaranta? An ce mata ta ɗan ji labarin gidan.

Duk motar Baba Kwansi ake ce masa, don haka ya ɗauka ba ta san sunansa na yanka ba. Ya buɗe baki zai ce mutumin kirki ne, mai natsuwa, sai ya tuna kunkuru. Ƙarya kuwa ba ta taɓa zama a bakinsa ba, mutumin da ya saba ɗaga ja in ja ne, kore in kore ne.

Ya ce ya san shi sama-sama. Ya ce gaskiya tsohon akwai 'yar taɓuwa. Yana shafa wa kaji fenti. Yana tsare mutane da surutu. Ya taɓa korar wa 'yarsa miji ba da niyya ba, kuma har yau in ya tuna abinci ba ya masa daɗi. Mota ta faɗa rami ta fito.

"Amma yarinyar ba ruwanta," ya ce. "Uwarta ta biyo. In ana neman aibu a gidan nan, duk yana jikin mutum ɗaya, kuma ba ɓoyayye ba ne, daga nesa ake hango shi. Kada a ɗora wa yarinya rigar ubanta."

Halimatu ta buɗe kwando ta gyara ganyen da ta rufe daddawa da shi, ko da yake ba abin da ya same shi.

A tashar Paiko ta ce gwiwarta na ciwo, ko zai taimaka ya riƙe mata kwandon zuwa gida, ba nisa. Ya karɓa da murna, yana ganin ya samu abin fakewa, don wa zai zargi mai ɗauke da daddawa? Suka ratsa kasuwa, doya tsibi-tsibi har ta fi mutum tsawo. Masu doya suna ɗaga masa hannu suna cewa Baba Kwansi sannu da zuwa, ashe da gaske ne. Ya yi kamar da wani suke. Suka bi wani lungu, suka shiga wani zaure, suka fito tsakar gida mai faɗi da rumbuna a jere.

A gindin mangwaro wani ƙaton tsoho na zaune, ya ɗora waya a gwiwa. Gabansa an ajiye kujera guda, ba kowa a kai, an ma share ƙasan wurin.

"Moses," in ji Halimatu, "ga shi na kawo maka har da dakon kaya."

Irimiya ya tsaya da kwando a hannu. Ya dubi ƙofa, ya ga ta yi nisa. Moses ya juyo masa fuskar wayar, sai ga hotonsa a tashar Minna cikin jamfar Gimba, yana waige kamar wanda ya saci akuya. Ya ce mutum huɗu ne suka turo masa tun motar ba ta iso ba. Wannan kuwa da ya riƙe wa kwando yayarsa ce, gwaggon Silas.

Halimatu ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, gwiwar nan lafiya lau. Ta ce ita aka tura bincike, kwana uku ta yi a Sabon Gari, a gindin bishiyar da ke kallon ƙofarsa, tana sayar da daddawa. Ta ga Hadassah na fita aiki da dawowa, ta ji abin da maƙwabta ke faɗa, har ruwa Rebecca ta aiko mata. Shi kansa maigidan sau biyu ya tsaya a kanta, ya yi mata bayanin kalmar nan tun daga injiniya har zuwa alli, bai ko dubi fuskarta ba.

"Wanda ya saba a kalle shi," ta ce, "ashe ba ya kallon kowa."

Moses bai yi dariya ba. Ya ce ya ji an zo a tambaya ko ana sata a gidansa. Irimiya ya ce shi bai kai ga tambayar sata ba, a tsuntsu ya tsaya. Moses ya ce wannan daban. Akwai tsohuwar magana tsakaninsu. Shekara ashirin da shida da suka wuce ya ɗauko doya cike da akori-kura zai kai Minna, wani mai rigar lemo ya sauke masa shinge, ya tsare shi awa guda cur a rana yana koya masa Turanci ta taga. Jirgin kuma bai zo ba.

Irimiya ya ce a ranar ƙarfe ya gaya masa jirgi na tafe, daga baya ne jirgin ya canza shawara.

Moses ya tashi, ya jawo wata doguwar gora, ya gitta ta a bakin zaure, kai ɗaya kan turmi, kai ɗaya kan tulu. Ya nuna masa kujera.

"Zauna. Jirgi na tafe."

Ya shige ɗaki, Halimatu ta bi shi.

Irimiya ya zauna, kwandon daddawa a cinya don ba wanda ya ce ya ajiye. Mutanen gida suka yi ta wucewa, kowa da uzurinsa, mai ɗebo ruwan da ba a bukata, mai neman tsintsiyar da ke hannunta. Maƙwabta suka yi layi a bayan gora suna leƙe. Inuwar mangwaro ta janye ta bar shi a rana. Ya yi tunanin Hadassah, da abin da zai gaya mata in an dawo an ce an fasa. Ya yi tunanin in da Gimba aka turo da yanzu ya koma gida har ya yi barci. Daga cikin ɗaki yana jin muryar Halimatu tana hawa tana sauka, ta Moses na katse ta, amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Wani ƙadangare mai jan kai ya hau gorar ya tsaya yana gyaɗa masa kai, Irimiya ya ce a ransa ko a cikin ƙadangaru akwai masu gadin jirgi.

Da awa ta cika, sai ya ji ƙarar faranti. Wani saurayi mai faɗin kafaɗa ya fito da tire, sakwara tana tururi, da miyar agushi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce shi ne Silas. Irimiya ya dubi sakwarar, ya rage murya ya tambaye shi ko wannan doyar tana da suna kafin a daka ta. Silas ya sunkuyar da kai ya ce Hajiya Babba ce.

Moses ya fito ya ɗage gora da kansa, ya wanke hannu ya zauna. Sai da suka yi loma uku-uku sannan ya ce manyansa za su zo Minna ranar Asabar ta sama. Ya ce Halimatu ta gaya masa abin da aka faɗa a mota, kuma shi bai taɓa jin mai bincike ya kai ƙarar kansa ba. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada ya ƙara shigo masa gida da wannan jamfa, kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Na biyu, ranar biki baƙi za su zo daga nesa, lungun cocin kuma yana da wuyar ganewa, ana bukatar wanda zai tsaya a mararraba na ɗan lokaci, wanda ido ba zai tsallake ba.

Irimiya ya buɗe baki. Moses ya ɗaga hannu ya ce ya san kalmar, ya biya awa guda a kanta.

Ranar biki Baba Kwansi ya tsaya a mararraba tun da hantsi, rigar lemo ta sha guga, ga sabon usur da Silas ya sayo masa. Ba baƙon da ya ɓata. Har waɗanda ba bikin za su ba ya karkatar da su zuwa coci, ciki da wata motar yashi. Da ƙyar Gimba ya janyo shi ya shiga ya miƙa amarya, ana gamawa ya sulale ya koma bakin aiki, wai kada masu zuwa cin abinci su ɓace.

Shi ya sa babban hoton da ke rataye a falon Hadassah ba shi a ciki. Ga Moses, ga Rebecca, ga Halimatu a gefe da hijabinta ruwan ƙasa, sai ka duba sau biyu kafin ka gan ta. Tsakanin amarya da uwarta akwai gurbin mutum ɗaya. Duk baƙon da ya shigo ya ɗaga kai, kafin ya ce amarya ta yi kyau sai ya ce ina Baba.

Irimiya kan je gidan takanas don ya ji ana tambayar.